Kartar da Ka Riƙe a Ranka: Asalin Dabon Karanta Zuciya

A cikin dukkan dabon da ake yi da karta, babu wanda yake tsaya wa mai kallo a rai kamar wanda ba a sa shi ya zaro komai ba. Ɗan dabo zai baza kartar a gabansa ya ce masa: duba nan, zaɓi ɗaya da ido, kada ka taɓa, kada ka faɗa, riƙe ta a ranka kawai. Jim kaɗan sai ga ta a kan tebur, ko a aljihun mai dabon, ko a kife ita kaɗai a tsakiyar 'yan'uwanta. Da a ce da hannu mutum ya zaro ta, yana da abin da zai rarrashi kansa da shi, ya ce ai saurin hannu ne, ko an leƙa, ko an yi wa kartar alama. To amma abin da bai fito daga zuciya ba, ta ina aka bi aka same shi? A nan ne wasu suke kama salati, wasu su ce lallai da aljani a ciki.

Babu aljani. Fiye da shekara 400 ke nan ana rubuta yadda ake yin wannan dabo, kuma duk wanda ya bi rubuce-rubucen daki-daki zai ga abu guda yana ta dawowa: mai kallo ne yake faɗin kartarsa da kansa, ko kuwa a zaɓa masa ita yana ganin shi ya zaɓa. Aikin da masu sana'ar suka yi ta yi, tsara bayan tsara, shi ne ɓoye tambayar, har mutum ya amsa bai san an tambaye shi ba.

Ita kanta kartar daga gabas ta taso. Masana sun fi karkata ga cewa a ƙasar Sin aka fara wasa da ita, ta ratso har Masar a zamanin daular Mamluk. Akwai wata tsohuwar kartar Mamluk da ke ajiye a fadar Topkapi ta Istanbul, wadda aka tsara ta a kan gida huɗu, da alamun kofi, tsabar kuɗi, takobi da sandar wasan folo. Daga hannun Musulmi ta tsallaka Turai a shekarun 1370, kuma ba ta daɗe da sauka ba hukumomi suka fara yaƙi da ita saboda caca: birnin Florence na Italiya ya hana ta a 1377. Wajen 1480 Faransawa suka sauƙaƙa alamun zuwa waɗanda muke gani yau, biyu jajaye biyu baƙaƙe. Inda duk caca ta kafu, maguɗi yana biye da ita, kuma daga hannun 'yan maguɗi masu dabo suka ari yawancin dabarun yatsu.

Ɗaya daga cikin rubuce-rubuce mafi tsufa a kan dabon karta na Luca Pacioli ne, malamin lissafin nan na Italiya, abokin Leonardo da Vinci, wanda akantoci suke girmamawa saboda shi ya fara buga bayanin tsarin ajiye lissafin kuɗi mai shafi biyu a 1494. Ya rubuta wani littafi, De Viribus Quantitatis, tsakanin wajen 1496 da 1508, wanda ba a buga ba a zamaninsa, ya zauna a ɗakin karatu na Jami'ar Bologna shekaru aru-aru. Hanya mafi sauƙi da aka sani a lokacin ita ce ta haɗin baki: a sami wani a cikin taro, sau da yawa yaro, wanda ya ga kartar, shi kuma ya isar da saƙon ta wata alama da aka shirya tun da farko. Wannan hanya ba ta mutu ba har gobe. Sai dai tana da rauni, domin dole wani ya ga kartar tukuna. Abin da ke cikin zuciya kuwa, ɗan haɗin baki ba shi da ta cewa.

Wanda ya fara taɓo wannan matsala a harshen Ingilishi, dalilinsa ya fi ƙarfin nishaɗi. Reginald Scot, wani mai gonaki a yankin Kent na Ingila, ya rayu a lokacin da dokar 1563 ta ba da damar rataye wanda aka kama da laifin kashe mutum ta hanyar maita. Ya ga irin waɗanda ake gurfanarwa: tsofaffin mata, matalauta, marasa gata, waɗanda maƙwabta suka ɗora wa mutuwar yaro ko ta saniya. Duk wanda ya san abin da zargin maita yake jawo wa tsohuwa a ƙauye zai gane abin da ya ci masa rai. A 1584 ya fitar da The Discoverie of Witchcraft domin ya nuna cewa yawancin abin da ake kira tsafi ko dai ruɗi ne, ko tsoro, ko wayon ɗan Adam. Don ya kafa hujja sai ya ware wani sashe ya fayyace yadda masu rufa-ido suke yin abubuwansu da ƙwallo, da kuɗi, da wuƙa, da karta.

A wannan sashe ne ya kawo yadda za ka gane kartar da mutum ya riƙe a ransa ba tare da ɗan haɗin baki ba. Ka ajiye karta uku a kan tebur, ka ba su tazara, ka ce ya zaɓi ɗaya a zuci kada ya sauya, kai kuma ka sa ido a kan idonsa. Inda idon ya tsaya, nan zuciyar ta tsaya. Bahaushe ya riga ya faɗa: labarin zuciya a tambayi fuska. Dabarar ba ta da wuya ko kaɗan, kuma a ganina ita ce uwar duk wani dabon karanta zuciya da ya biyo baya, domin a nan aka fara karɓar amsa ba tare da an ji sautin tambaya ba.

Littafin bai yi wa manya daɗi ba. Sarki James na Sikotilan, wanda ya gaji sarautar Ingila a 1603, ya rubuta nasa littafin a kan mayu a 1597, ya ambaci sunan Scot yana sukarsa. Duk da haka sashen dabon ya yi ta yawo, ana kwafa ana sake bugawa da wasu sunaye shekaru da dama.

Sai dai dabarar Scot ba ta da tabbas: ido yana iya yaudara, mutum kuma yana iya kawar da kai. Masu lissafi ne suka kawo hanyar da ba ta kuskure. A 1612 wani Bafaranshe, Claude-Gaspard Bachet, ya buga littafin wasannin lissafi a birnin Lyon, ya sake faɗaɗa shi a 1624.  A cikin wasannin Bachet akwai dabon kashi uku, wanda jikansa shi ne dabon karta 21 da yara suke koya wa juna a duniya duka.

Ga yadda yake. Ka ɗauki karta 21, ka raba su a buɗe, ɗaya-ɗaya, hagu, tsakiya, dama, har kowane layi ya sami bakwai. Ka ce wa mutum ya riƙe ɗaya a ransa, ya nuna maka layin da take ciki kawai. Ka tattara, ka sa layin da ya nuna a tsakiyar sauran biyun. Ka sake rabawa, ya sake nunawa, ka sake sa nasa a tsakiya. Ka yi na uku. Daga nan ka ƙirga daga sama, ta goma sha ɗaya ita ce tasa, ko wace ce ya zaɓa.

Dalilin a fili yake in an bi shi a hankali. Bayan tattarawar farko kartarsa tana wani wuri tsakanin ta takwas da ta sha huɗu. Da ka sake rabawa, waɗannan bakwai ɗin sun warwatsu cikin layuka uku, kowace ta faɗa matsayi na uku, na huɗu ko na biyar a layinta. Don haka bayan tattarawa ta biyu tana matsayi na goma, sha ɗaya ko sha biyu. Waɗannan ukun kuwa a rabo na gaba kowace za ta zama ta huɗu a nata layin. Bakwai na sama da huɗu, sha ɗaya ke nan. Mutumin zai rantse bai faɗi komai ba, alhali sau uku aka tambaye shi, sau uku ya amsa. Kamar tankaɗen gari ne: kowane zagaye yana zubar da wani abu, har a bar ƙwaya ɗaya a kan rariya.

Shekara 200 bayan Bachet, wani malamin lissafi na Faransa, Joseph Gergonne, ya koma kan dabon a mujallarsa ta lissafi wajen 1813, ya yi aiki da karta 27, wato uku sau uku sau uku. Ya nuna cewa ba dole ne a riƙa sa layin a tsakiya ba. In ka san lokacin da za ka sa shi a sama, a tsakiya ko a ƙasa, kana iya kai kartar kowane matsayi daga na ɗaya zuwa na 27. Wato mai kallo zai iya faɗin lambar da yake so tun kafin a fara, kartarsa kuma ta same shi a can. Har yau masu lissafi da sunansa suke kiran wannan dabo. Daga nan kuma aka fahimci iyakar abin: don a ware karta ɗaya daga cikin 52 ana bukatar tambaya shida irin ta i ko a'a, domin biyu sau biyu har sau shida 64 ne, ko tambaya huɗu mai amsa uku-uku. Ba a iya rage wannan bashi. Abin da ya rage wa ɗan dabo shi ne ya karɓe shi ta hanyar da ba za a ji ba.

Matsalar dabon kashi uku ita ce yana warin lissafi. Rabo uku a jere yana gundurar da mai kallo, kuma mai hankali zai ce ai ƙidaya ce. Wata hanyar da ta taso kusan lokaci guda da ta Bachet ita ce a jera kartar tun daga gida bisa wani tsari da ido ba zai gani ba. Horatio Galasso ya buga irin wannan a Venice a 1593. Shekara 300 bayan haka wani ɗan wasan Amurka da ake kira Si Stebbins ya sayar da irinsa a ƙarshen shekarun 1890, inda kowace karta ta fi ta gabanta da uku, alamun kuma suna zagayawa bi da bi. Wanda ya ga karta ɗaya ya san maƙwabciyarta. Sunan Stebbins ne ya bi tsarin, na Galasso kuwa sai masu tonon tarihi suka dawo da shi daga baya.

A ƙarni na 19 dabo ya tashi daga kasuwa ya shiga falo. A birnin Viyana, Johann Nepomuk Hofzinser, ma'aikacin gwamnati a ma'aikatar kuɗi wanda ya rayu daga 1806 zuwa 1875, yakan tara mutane kaɗan a zaure mai kyau ya yi musu wasa da karta cikin natsuwa da daɗin baki. Shi ya nuna cewa magana ma kayan aiki ce, daidai da yatsu. A ɗaya ɓangaren kuma, a shekarun 1870 aka sami masu ikirarin karanta zuciya a Amurka da Ingila, irin su J. Randall Brown da Washington Irving Bishop, waɗanda suke riƙe hannun mutum su kai shi inda ya ɓoye abu. Likitoci suka bincika suka ga cewa jikin mutum yana yin wani ɗan motsi da shi kansa bai sani ba, yana saki in an nufi daidai, yana turjewa in an kauce. Wani likita, George Beard, ya ce wannan karatun tsoka ne. Dabarar Scot ce ta sauko daga ido zuwa wuyan hannu, kuma masu karta ba su yi jinkirin ɗauka ba.

A 1902 aka buga wani ɗan littafi a Shikago, The Expert at the Card Table, da sunan S. W. Erdnase, wanda har yau ba a tabbatar da ko wane ne ba. Yawancinsa a kan maguɗin caca ne, amma a sashen dabo ya kawo hanyoyin gano kartar da aka riƙe a zuci. Ɗaya daga ciki ta juya al'amarin gaba ɗaya. Ka riƙe kartar ka sake ta da yatsa tana wucewa da sauri a gaban idon mutum, ka ce ya riƙe ɗaya. Duka suna wucewa kamar walƙiya, sai guda ɗaya da ka ɗan jinkirta. Ita kaɗai ya gani sosai, ita zai riƙe. A nan ba a bukatar tambaya kuma, domin an ba shi amsar tun kafin ya yi tunani.

Wajen 1905 wani Ba'amurke da ke amfani da sunan Henry Hardin ya ƙirƙiro dabon da aka fi sani da na Gimbiya, inda ake nuna 'yan kartoci kaɗan, a riƙe ɗaya a zuci, sannan ita ɗin ce za a ga an ware. Wani reshe na wannan dabo ne ya mamaye intanet a ƙarshen shekarun 1990, kuma har yanzu yana yawo a wayoyin mutane. Za a nuna maka karta shida masu hoton sarki, sarauniya da bawa, a ce ka riƙe ɗaya. Hoton ya ɗauke, ya dawo da biyar, taka babu. Mutane da yawa sun ajiye waya cikin tsoro a kan wannan. Sirrin shi ne dukkan shidan aka kwashe, aka kawo wasu biyar masu kama da su. Ka zuba hankalinka a kan guda ɗaya, ba ka riƙe ko ɗaya daga cikin sauran ba, don haka ba ka da abin da za ka gwada da shi. Wanda ya rubuta duka shidan a takarda kafin hoton ya sauya ya gama da dabon.

Akwai wani mutum a wannan zamani da ya kamata a ce sunansa ya fi haka fita. Charles Jordan mai kiwon kaji ne a Kalifoniya, kuma a 1919 ya buga wani dabo da ya dogara a kan jera ja da baƙi ta yadda jerin launukan 'yan kartoci kaɗan a jere ba ya maimaita kansa. Daga wannan tushe aka sami dabon da Persi Diaconis, farfesa a Jami'ar Stanford, yake yi: a jefa wa 'yan kallo ɗaurin karta 32, su yanka yadda suke so, mutum biyar su ɗauki ɗaya-ɗaya daga sama. Sai ya ce yana jin saƙon amma da hayaniya, masu riƙe da ja su taimaka su miƙe tsaye. Shi ke nan, sai ya faɗi kartar kowa. Wanda ya tashi da wanda ya zauna amsa biyar ce ta i ko a'a, biyu sau biyu har sau biyar kuwa 32 ne cif. Tambayoyi biyar aka dunƙule cikin roƙo ɗaya mai kama da neman alfarma. Ban san wata ɓoyewar tambaya da ta kai wannan kyau ba.

Shi Diaconis ɗin yana ɗan shekara 14 ya bar gida ya bi Dai Vernon, ɗan Kanada da aka haifa a 1894 ya rasu a 1992, wanda masu sana'ar suke kira Farfesa. Vernon ya ƙare rayuwarsa yana goge duk wani motsi da zai sa mai kallo ya yi zargi. Dabonsa na kartar da aka riƙe a zuci, wanda aka buga a 1960, tsohon lissafin rage kashi ne, amma an binne shi cikin cuɗa karta da hira, har ba a ganin layi ko ƙidaya. A shekarun 1930 kuma shi da Joe Berg na Shikago kowannensu ya fito da wata karta ta musamman wadda ta bi wata hanya dabam. Mutum zai faɗi kartarsa da baki, kowa yana ji, sannan a buɗe kwali a baza, a tarar ita kaɗai ce a juye. An yi tambayar a fili, sai dai an sa ta yi kamar ta zo a makare, kamar an riga an san amsar tun jiya. Yadda ake haɗa wannan karta ba zan faɗa ba, domin har yau akwai masu cin abinci da ita.

Abin da masu dabo suka daɗe da sani ta hanyar gwaji, masana halayyar ɗan Adam sun zo sun auna shi. A 2012 Jay Olson da abokan aikinsa a Kanada suka wallafa binciken da suka sa mutane su ambaci kowace karta suka ga dama. Kashi ɗaya cikin huɗu suka ce baƙar nan mai ɗigo ɗaya mai alamar mashi. Kashi 14 cikin ɗari suka ce sarauniya mai alamar zuciya. Fiye da rabin mutanen a kan karta huɗu kacal suka faɗa, daga cikin 52. A 2015 suka gwada dabarar nan ta jinkirta karta ɗaya yayin da sauran suke wucewa: kusan kowa ita ya zaɓa, kuma wajen tara cikin goma suka ce da ra'ayin kansu suka zaɓa, babu wanda ya tura su. Wannan sakamako ya fi dabon kansa ba ni tsoro, domin ba a wajen karta kaɗai ake jinkirta mana abu ɗaya a gaban ido ba. Ɗan dabo na gaskiya yana gaya maka tun farko cewa wasa ne, ka biya don a ruɗe ka. Ɗan damfara da yake amfani da irin waɗannan dabaru ya ce yana ganin gaibu, shi ne irin wanda Scot ya rubuta littafinsa dominsa.

Ƙololuwar wannan nema ita ce abin da ake kira dabon Berglas. An haifi David Berglas a 1926, danginsa suka gudu daga Jamus ta 'yan Nazi, ya girma a Ingila, ya shugabanci ƙungiyar masu dabo ta Magic Circle da ke Landan daga 1989 zuwa 1998. Kartar tana kan tebur tun kafin a fara. Wani ya ambaci kowace karta, wani ya ambaci kowace lamba daga ɗaya zuwa 52, wani kuma ya ɗauka ya ƙirga da hannunsa, Berglas bai taɓa ba, sai a tarar da ita a daidai wurin. Masu dabo da yawa sun ƙirƙiro nasu hanyoyin, wasu da haddace jerin kartar gaba ɗaya kamar yadda Juan Tamariz na Sifaniya ya koyar, amma waɗanda suka ga na Berglas da idonsu sun dage cewa nasa dabam ne. A 2011 Richard Kaufman ya fitar da babban littafi a kan ayyukansa tare da yardarsa, aka ga cewa dabaru ne masu yawa, yana zaɓar wadda ta dace da mutumin da ke gabansa da abin da ya fito daga bakinsa a wannan daƙiƙa. Waɗanda suka karanta suka gwada sun tarar sanin hanyar bai isa ba, sai an haɗa da shekarun da ya yi yana karantar mutane. Ya rasu a watan Nuwamba na 2023 yana da shekara 97, kuma masu sana'ar ba su daina gardama ba a kan ko littafin ya faɗi duka.